Tsima Abinci da Bakteriya Masu Amfani: Jagorar Kwance Sinadaran da Ke Ɗaure a Hatsi, Wake, Madara da Ganye

Ba duk abin da ke cikin abinci ne jiki ke iya ɗauka ba. Ƙwayar hatsi tana ɗauke da ayon (wato sinadarin ƙarfe) da zink da kalsiyam, amma kaso mai yawa daga cikinsu a ɗaure yake da wani sinadari mai suna fitat, wanda a cikinsa ne ƙwayar ke ajiye guzurin fosfaras na ranar da za ta tsira. Hanjin ɗan Adam ba shi da isasshen abin da zai kwance wannan ɗauri, sai sinadaran su ratsa ciki su fita kamar yadda suka shiga. Wake yana da wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, su ne ke isa babban hanji su haddasa kumburin ciki da iska. Madara kuma tana da sukarin laktos, wanda kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa narkar da shi yadda ya kamata.

A nan ne bakteriya masu amfani ke shigowa, kuma ya kamata tun farko a san iyakar aikinsu. Ba sa ƙara ko ɗigon ayon a cikin ƙullu, abin da suke yi shi ne kwance wanda ke ciki. Makaminsu shi ne enzayim, wato wani nau'in furotin da ke hanzarta wargaza sinadari, kuma kowane enzayim aiki guda ya iya, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. A shekarar 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa halittu masu rai ne ke sa madara ta yi tsami, sannan a 1897 Eduard Buchner ya tabbatar da cewa ruwan da aka matse daga yisti yana iya tsima sukari ko da babu ƙwayar yisti mai rai a ciki. Ma'anar wannan ga mai girki ita ce, abu biyu yake kiwo a lokaci guda: halittar da ke rayuwa, da kuma enzayim ɗin da ke aiki, kuma ba kullum ne yanayin da ya dace da ɗaya yake dacewa da ɗayan ba.

Mataki na farko: a gane abin da ake son kwancewa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tsimi a matsayin aiki ɗaya da ake yi wa kowane abinci. Kafin a jiƙa komai, sai a tambayi kai mene ne ya hana jiki cin moriyar wannan abincin. Idan hatsi ne, matsalar fitat ce, kuma enzayim ɗin da ake nema shi ne fitas. Idan wake ne, ana buƙatar alfa-galaktosidas domin sukarin nan masu kumbura ciki, da kuma furotiyas domin sassara furotin ya zama mai sauƙin narkewa. Madara tana buƙatar laktas. Rogo mai ɗaci yana buƙatar linamaras domin a fitar da gubar sayanayid. Ganye kuwa ba shi da wani babban ɗauri, ribar tsima shi ita ce adana bitamin ɗinsa na tsawon lokaci ba tare da an dafa shi ba, da kuma samun bakteriya masu rai a ci. Amsar wannan tambaya ce ke nuna irin da za a zuba, wato bakteriyan da za su fara tsimin, da zafin da za a ajiye abin a kai, da adadin awannin da za a jira.

Mataki na biyu: kayan aiki da iri

Mazubi ya kasance na gilashi, ko robar da aka yi domin abinci, ko ƙarfe mara tsatsa. A guji tukunyar alminiyam da tagulla da bokitin da aka shafe da tutiya, domin tsami yana cin su ya zuba ƙarfen a cikin abincin. A wanke komai da sabulu, a ɗauraye da tafasasshen ruwa, a bar shi ya bushe. Idan ruwan famfo yana warin sinadarin kilorin, a tafasa shi a bar shi ya huce kafin a yi amfani da shi, tunda an zuba kilorin ɗin ne domin ya kashe bakteriya, kuma ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Abubuwa uku sun cancanci a saya: ƙaramin sikeli, da ma'aunin zafi na girki, da takardar gwada tsami mai nuna lambar pH. A wannan ma'auni, ƙaramar lamba tana nufin tsami mai yawa, ruwa zalla yana kan 7. Duk zafin da za a ambata a nan a ma'aunin Salshiyas yake.

Iri kuma hanya uku ake samunsa. Ana iya barin bakteriyan da ke jikin hatsin ko ganyen tun daga gona su yi aikin da kansu, wannan ya fi sauƙi amma ya fi jinkiri, kuma sakamakonsa yana canzawa daga yi zuwa yi. Ana iya ɗebo kashi 5 zuwa 10 cikin 100 daga tsimin baya da ya yi kyau a zuba a sabo, wanda ke sa tsami ya sauka da wuri ya rufe wa miyagun ƙwayoyi ƙofa. Ana kuma iya sayen busasshen iri da aka san sunan bakteriyan da ke cikinsa. A ganina hanya ta biyu ta wadatar ga hatsi, ta farko ta wadatar ga ganye, amma madara da waken suya ba a yi musu ganganci, iri sananne suke buƙata.

Mataki na uku: hatsi

A nan ne aikin ya fi riba, kuma a nan ne aka fi yin sa rabi da rabi. A fara da tsince hatsin, a zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi, domin gubar aflatoksin da fumfuna ke bari ba ta fita da tsimi ko dahuwa ta yadda za a dogara. A wanke, a jiƙa na awa 12 zuwa 24, sannan a markaɗa, ko kuma a yi amfani da garin da ba a cire masa dusa ba a kwaɓa shi da ruwa mai ɗumi ya zama ƙullu mai ɗan ruwa-ruwa. Markaɗen yana da muhimmanci, saboda a cikin ƙwayar da ba a fasa ba fitat da fitas ba sa haɗuwa sosai.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, yawancin fitas ɗin da ke aiki a ƙullu daga hatsin kansa yake fitowa. Gudummawar bakteriyan ita ce su saukar da pH zuwa wajen 5 ko 5.5, inda wannan enzayim ya fi kuzari, ko da yake wasu nau'o'insu da na yisti suna ƙara nasu kaɗan. Sai dai hatsi ba ɗaya ba ne wajen arzikin fitas. Alkama da hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi suna da shi da yawa, masara da gero da dawa da shinkafa kuwa nasu kaɗan ne. Saboda haka wanda zai tsima ɗaya daga cikin waɗannan huɗun, ya haɗa da ɗanyen garin alkama mai dusa kimanin kashi ɗaya cikin goma. Sharaɗin shi ne garin bai taɓa ganin wuta ba, domin zafi mai yawa yana kashe enzayim, kuma shi ya sa hatsin da aka turara ko aka gasa a masana'anta ba ya taimakawa a wannan fanni.

Bayan an kwaɓa, a zuba iri daidai gwargwado, a rufe ba tare da an toshe ba domin iskar da ke tasowa ta sami mafita, a ajiye a wuri mai ɗumin digiri 28 zuwa 32 na awa 24 zuwa 48. Kada zumuɗi ya sa a cika iri. Idan ƙullun ya yi tsami da gaggawa pH ɗinsa ya faɗa ƙasa da 4 cikin 'yan awanni, fitas yana yin sanyi tun bai gama aikinsa ba, sai a sami ƙullu mai tsami a baki amma fitat ɗinsa na nan da saura. Abin da ake so shi ne ya ɗan daɗe a tsakanin 5 da 5.5 a awannin farko, sannan ya sauka zuwa wajen 4 kafin kwana ɗaya ya cika. Wannan ne ma dalilin da ya sa burodin da aka bar ƙullunsa ya yi doguwar kumbura da irin tsami ya fi wanda aka tayar da yisti cikin awa biyu ƙarancin fitat.

Akwai jarabar tace ƙullu a zubar da dusa domin a sami laushi. Gaskiya ne fitat ɗin alkama da shinkafa a ɓangaren dusa ya taru, na masara kuma a idon ƙwayar, amma ayon da zink da bitamin B ma a can suke, don haka wanda ya zubar da su ya zubar da ɗaurin tare da abin da aka ɗaure. Haka ruwan jiƙo, yana tafiya da wani ɓangare na fitat, yana kuma tafiya da bitamin masu narkewa a ruwa. Idan za a tsima ƙullun yadda ya kamata, gara a rage tacewa. A kuma sani cewa raguwa kaɗan ba ta isa ba: masana abinci sun nuna cewa sai fitat ya ragu ƙwarai kafin jiki ya fara shan ayon fiye da da, saboda haka jiƙon awa biyu ko uku ba ya kai wa ga biyan buƙata.

Ga mai dama wa ƙaramin yaro abinci akwai wata dabara ta daban, ko da yake enzayim ɗinta na hatsi ne, ba na bakteriya ba. A jiƙa hatsi, a shimfiɗa shi a rufe da ɗanyen ƙyalle na kwana 2 zuwa 3 har ya tsira, a shanya, a cire saiwoyin da tohon, a niƙa. Cire tohon wajibi ne musamman ga dawa, domin tohonta yana da guba. Wannan garin tsiro cike yake da amilas mai narkar da sitaci. Idan aka dafa abinci da kauri, aka bar shi ya ɗan huce zuwa wajen digiri 70, aka zuba ƙaramin cokali na garin aka juya, cikin mintuna kaɗan zai tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a sake tafasa shi. Yaron zai sha abin da ya fi ƙarfi a cikin ɗan ƙaramin cikinsa.

Mataki na huɗu: wake

Hanya mai sauƙi ita ce jiƙo mai tsami. A jiƙa waken na awa 12 zuwa 24 a ruwa mai yawa, a zuba cokali biyu na ruwan tsimin hatsi ko na ganye, a zubar da ruwan bayan an gama, a ɗauraye, sannan a dafa a sabon ruwa. A nan zubar da ruwan jiƙo daidai ne, domin sukarin rafinos da sitakiyos masu kumbura ciki suna narkewa a cikinsa, bakteriyan da ke da alfa-galaktosidas kuma suna cinye wani ɓangare. Jiƙo ba ya maye gurbin dahuwa. Jan wake mai siffar ƙoda yana da guba da ba ta mutuwa sai ya yi aƙalla minti 10 yana tafasa sosai.

Hanya ta biyu ta fi zurfi, ita ce ta bakteriyar Bacillus subtilis, wadda ake yin natto, wato tsimammen waken suya na Japan, da ita. A dafa waken suya har ya yi laushin da zai murtsuke tsakanin yatsu biyu, a tsane, a yayyafa irin tun waken yana da zafi, domin ƙwayar wannan bakteriya tana jure zafin da ke kashe sauran. A shimfiɗa shi da kaurin da bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, a rufe da abin da iska za ta iya ratsawa, a ajiye a digiri 40 na awa 20 zuwa 24, sannan ya kwana a firji. Furotiyas ɗinsa yana sassara furotin, kuma yana samar da bitamin K2 mai yawa. Sai dai wannan tsimi ba mai tsami ba ne, pH ɗinsa sama yake yi, wato babu katangar tsami da ke kare sauran. Shi ya sa na ce a sayi iri sananne a kuma tsananta tsafta. Mai shan maganin warfarin na hana daskarewar jini ya nisanci natto sai da izinin likitansa, domin bitamin K yana karya aikin maganin.

Mataki na biyar: madara

Bakteriya biyu ne ke yin yogot, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, wanda Stamen Grigorov ɗan ƙasar Bulgariya ya gano a 1905. A ɗora madara a kai ta digiri 85 a riƙe ta a nan na minti 30, ko digiri 90 zuwa 95 na minti 5, ana juyawa domin kada ta kama. Wannan yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma sauya furotin ɗin madarar ta yadda za ta daskare da kauri. A sauke, a bar ta ta huce zuwa digiri 43, a zuba babban cokali biyu na yogot mai rai a kowace lita, a juya a hankali, a rufe, a naɗe da bargo ko a zuba a filas, kada a motsa na awa 4 zuwa 8. Da ta kama ta kai pH 4.5, sai firji.

Tsimin yana cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ne kawai na laktos, amma duk da haka mutane da yawa da madara ke ɓata wa ciki suna shan yogot lafiya. Dalili shi ne bakteriyan suna shiga hanji ɗauke da laktas ɗinsu su ci gaba da aikin a can. A 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince da wannan fa'ida, bisa sharaɗin kowane giram ya ƙunshi aƙalla bakteriya masu rai miliyan 100. Yogot ɗin da aka sake dafawa bayan tsimi domin ya daɗe a kanti ya rasa wannan, kuma ba ya yin iri. Idan an bi komai daidai amma madara ta ƙi kamawa, a binciki abu biyu: ko an zuba irin tana da zafi fiye da kima, ko kuma dabbar da aka tatsa tana kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ragowarsa ke kashe irin. Wanda jikinsa ke ƙin furotin ɗin madara kuwa, matsalarsa daban ce, tsimi ba ya magance ta.

Mataki na shida: ganye da rogo

A yayyanka kabeji ƙanana, a auna, a zuba gishiri giram 20 zuwa 25 a kowane kilo, a murza har ya fitar da ruwansa, a danna a kwalba sosai, a ɗora wani abu mai nauyi domin ganyen ya nutse gaba ɗaya. Gishirin yana danne masu ruɓar da ganye, ya bar bakteriyar Leuconostoc mesenteroides ta buɗe fage a kwanakin farko da kumfa, daga baya masu jure tsami irin su Lactiplantibacillus plantarum su karɓa su kammala. A digiri 18 zuwa 22 aikin yana ɗaukar mako 3 zuwa 4. A wuri mai zafi ya fi sauri amma ganyen yakan saki, sai a fara ɗanɗanawa tun kwana na biyar a mayar da shi firji da wuri. Duk abin da ya leƙo saman ruwa shi fumfuna ke kamawa.

Rogo mai ɗaci kuwa, a fere, a yanka, a nutsar a ruwa na kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi, a matse, a shanya ko a soya. Bakteriya suna sassauta jikinsa, linamaras ɗin da ke cikinsa ya haɗu da sinadarin da ke riƙe da gubar ya sake ta, shanya da wuta kuma su kore ta. Ƙa'idar abinci ta duniya ta sa iyakar miligiram 10 na sayanayid a kowane kilo na garin rogo. Gajarta kwanakin nan, musamman a lokacin yunwa, shi ne ke jawo cutar konzo mai shanye ƙafafu.

Yadda ake gane ya yi, da lokacin da ake zubarwa

Lambar pH da ba a wasa da ita ita ce 4.6, domin ƙasa da ita Clostridium botulinum, bakteriyar da ke samar da guba mai kisa, ba ta girma. Ga tsimin hatsi da ganye, gara a nemi 4.2 ko ƙasa. Alamar alheri ita ce ƙamshin tsami mai tsabta da ƙananan kumfa. Farar yana siririya a saman ruwan ganye yawanci yisti ne, ana kwashe shi. Amma fumfuna mai gashi, kore ko baƙi ko ruwan hoda, ko warin ruɓa, ko ƙullun da ya kwana biyu bai yi tsami ba, hukuncinsu ɗaya ne, a zubar duka.

Hanci da harshe ba sa kama komai. Akwai gubar da ake kira bonkirek, wadda wata bakteriya ke samarwa a jiƙaƙƙiyar masara ko kwakwar da aka bari ta daɗe ba tare da isasshen tsami ba. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ba ta kashe ta. A watan Janairun 2015 ta kashe mutum 75 a Mozambik, a watan Oktoban 2020 kuma ta kashe mutum tara 'yan gida ɗaya a arewa maso gabashin Sin. Wannan ne ya sa ba na ganin takardar gwada tsami a matsayin ƙawa, kuma ba na goyon bayan ajiye jiƙaƙƙen ƙullun masara na tsawon lokaci da sunan ƙara masa kyau.

A wajen ci

Dahuwa tana kashe bakteriyan, amma ba ta mayar da fitat ɗin da aka riga aka wargaza, don haka hatsi da wake da rogo a dafa su ba tare da jin an yi asara ba. Wanda ke son bakteriya masu rai ya same su daga yogot da ganyen da ba a dafa ba, ya kuma zuba su bayan abinci ya huce. Ba kowane tsimi ne ya cancanci sunan furobayotik ba. Ma'anar da kwamitin masana na hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayar a 2001 ta taƙaita sunan ga halittu masu rai da aka tabbatar suna amfanar lafiya idan an ci isasshen adadi. Haka batun bitamin: wasu nau'o'in bakteriya suna ƙara folat ko ribofilabin, Propionibacterium freudenreichii yana samar da B12, amma wannan ya dogara da takamaiman irin, kuma wanda ba ya cin nama da madara da ƙwai kada ya dogara da tsimin gida domin samun B12.

A haɗa tsimammen hatsi ko wake da abin da ke da bitamin C, kamar lemo ko tumatir ko tattasai, domin yana ƙara shan ayon, a kuma jinkirta shayi da kofi da kamar awa ɗaya bayan cin abinci, tunda suna sake ɗaure shi. Wanda bai saba ba ya fara da cokali ɗaya ko biyu a rana har cikinsa ya saba. Mai hawan jini ya lura da gishirin ganye, wanda tsimammen abinci ke sa wa ciwon kai ko ƙaiƙayi ya rage, mai raunin garkuwar jiki da mai juna biyu kuma su tsaya ga yogot ɗin da aka yi da dafaffiyar madara, su tuntuɓi likita kafin su ci sauran ɗanye. Duk abin da aka gama a ajiye shi a digiri 5 ko ƙasa, a rubuta ranar da aka yi shi a jikin murfin, a kuma ware irin gaba da cokali mai tsabta tun kafin a fara ɗiba.